'Yanci, sawaba da bakin da ke yanka wuya

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambaya: mene ne bambancin 'yanci da sawaba, kuma shin karin maganar nan "baki shi ke yanka wuya" hani ne ga faɗin ra'ayi?

Tushen 'yanci shi ne ɗa, kishiyar bawa. Da can matsayi ne da ake haihuwar mutum da shi, ko ubangidansa ya 'yanta shi, shi ya sa Sakkwatawa ke cewa ɗiyauci. Ba ruwan kalmar da abin da ke cikin kan mutum. Sai a zamanin neman mulkin kai 'yan siyasa da 'yan jarida suka buɗa ta, aka samu 'yancin kai da 'yancin faɗin albarkacin baki.

Sawaba kuwa daga Larabci take, inda take nufin abin da ya yi daidai. Bahaushe ya mai da ita sauƙi, kamar a ce kaya sun yi sawaba. Da aka kafa jam'iyyar siyasa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sai ta zama kirarin talaka mai neman sauƙin haraji, jangali da aikin tilas na En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Nan Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar NEPU, ta samo laƙabinta, ta kuma sha ɗauri a kan gwagwarmayar. A Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. Kalmar ciniki ta koma wadda furta ta kan jawo kurkuku.

Karin maganar ba doka ba ce, labarin halin da ake ciki take bayarwa. Inda talaka ba ya iya cewa sarki ya yi kuskure, dole ya bi ta habaici, ko ya ce "ba a mugun sarki sai mugun bafade", ya soki mulki kansa na bisa wuyansa. Kuskuren ɗalibai shi ne fassara ta ba tare da duba wa ya faɗa wa wa ba. A bakin uwa ga ɗanta, fargaba ce. A bakin mai mulki ga ɗan jarida, barazana ce, irin wadda Dokar soja ta 4 ta 1984 ta tabbatar a Nijeriya, lokacin da aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda kowannensu.