Amsoshinku: Allon zamiyar ƙanƙara, a saya ko a yi haya?

Assalamu alaikum jama'a. Sanyi ya shiga a ƙasashen da yaranmu ke karatu da aiki, kowa ya fara ganin hotunan abokai a kan duwatsu fari fat, shi ya sa saƙonnin wannan karon kusan duk a kan sinobod suke, wato wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo ɗaya a ɗaure a ƙafafu biyu, mutum na tsaye a karkace, baki ɗaya na allon a gefen dunduniya, ɗayan a gefen yatsu. Na yi wasan nan lokacin da nake zaune a waje kuma har gobe ina son shi, don haka na ji daɗin ganin 'yan Kebbi da Zamfara sun shiga ciki. Ga waɗanda na zaɓo.

Daga wani ɗalibi ɗan Jega da ke karatu a Kaiseri, Turkiyya: "Yaya barka da aiki. Bara na fara hawa dutsen Erciyes da allon haya, yanzu ina iya saukowa da gefen dunduniya amma juyawa gefen yatsu tana ba ni wahala, kullum sai na sha ƙasa. Wani ɗan ajinmu zai sayar min da allon Burton na hannu, tsawon santimita 162, kamba ne, araha sosai. Nauyina kilo 60, takalmina 42. Mi kag gani, in saye?"

Ƙanena kada ka saya. Ba don allon ba shi da kyau ba, Burton tsohon kamfani ne, tun 1977 Jake Burton Carpenter ya kafa shi a Amurka kuma sun san aikinsu, matsalar ita ce wannan allon ba naka ba ne. 162 na mutum ne mai jiki, wanda ya kai kilo 80 ko ya wuce. Kai mai kilo 60 abin da zai yi maka yana wajen 148 zuwa 152. Za ka ji ana cewa ka tsayar da allo in ya tsaya tsakanin haɓa da hanci to ya yi, wannan awon gaggawa ne na masu bayar da haya, nauyinka ne ke lanƙwasa allo ba tsayinka ba, kuma kowane kamfani yana da jadawalin nauyi na kowane saiz, shi za ka duba.

Sai maganar kamba, wato wani irin lanƙwasar allo. In ka ajiye allon kamba a ƙasa za ka ga tsakiyarsa ta ɗaga, kusa da kai da wutsiya ne ke taɓa ƙasa, wannan yana sa bakin ƙarfen da ke gefen allon ya kama ƙanƙara gam, abin da gwanaye masu gudu ke so kenan. Amma ga mai koyo wannan kamun shi ne bala'in. Kana cikin juyawa, ka ɗan saki jiki kaɗan, bakin da ke kallon gangare ya cije, kafin ka ce me har ka bugu da ƙasa, ko dai da fuska ko da ƙeya, babu ko lokacin salati. Roka kishiyarsa ce, tsakiya a ƙasa, kai da wutsiya a ɗage, ba ta cika cizo ba. Akwai shimfiɗaɗɗe, akwai kuma mai haɗin biyun. Kai da har yanzu juyi ke ba ka wuya, roka ko shimfiɗaɗɗe mai laushi kake buƙata, a ma'aunin tauri na 1 zuwa 10 ka nemi 3 ko 4. Sayen dogon kamba mai tauri a matakinka kamar a ɗora wanda bai gama iya keke ba a kan babur ne a ce ya shiga kasuwar Jega ranar da take ci.

Kuɗin nan da ka tara, ni a ganina ga inda za su tafi. Farko malami. Darasi biyu ko uku da mai koyarwa na gaskiya zai gyara maka juyin nan, don kusan duk mai irin matsalarka nauyinsa yake mayarwa ƙafar baya saboda tsoro, kuma yana kallon allonsa maimakon inda zai je, abokai ba za su gane wannan ba, su dai ihu za su yi ta yi maka ka juya ka juya.

Na biyu takalmi, kuma a nan nake so ka natsu. Takalmin haya ƙafa ɗari ta shige shi, cikinsa ya buɗe, in ka ɗaga dunduniya don ka danna gefen yatsu sai dunduniyar ta tashi a cikin takalmin, allon ko motsi bai yi ba. Mai yiwuwa rabin wahalarka daga nan take. Ka je shago da kanka, kada ka yi oda a intanet, ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. In ka ɗaure ka miƙe tsaye ya kamata yatsunka su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan, dunduniya kuma ta zauna daram. Ka zauna da shi a ƙafa kamar minti goma sha biyar kana yawo a shagon ko da mai shago ya ƙosa. Mu mun saba sayen takalmi da ɗan sarari, a nan ba a yin haka, don da kansa zai saki in ya sha amfani. Ko mai igiya ne ko mai ƙugiyar BOA da ake murɗawa duk ɗaya, wanda ya kama ƙafarka shi ne naka.

Na uku hular kwano da kariyar wuyan hannu. Karayar wuyan hannu tana cikin raunukan da suka fi yawa ga masu koyon sinobod, saboda in mutum zai faɗi tafin hannu yake kaiwa. Hular ka saye ta sabuwa, ka duba cikinta ka ga tambarin EN 1077 ko ASTM F2040. Ta gwanjo ba ka san dukan da ta sha ba, kuma kumfar cikinta in ta bugu sau ɗaya da ƙarfi ta gama aiki ko da waje bai nuna ba.

Allo ka ci gaba da haya wannan kakar, kana canza iri kana jin bambanci. In ka kai ga saye na hannu ba laifi ba ne, allo da maɗaurinsa, wato abin da ke riƙe takalmi a jikin allon, suna cikin abin da ake iya saye gwanjo lafiya lau, amma ka bi bakin ƙarfen da farce tun daga kai har wutsiya ka ji ko ya tsage, ka duba gefuna ko fatar sama ta fara rabuwa da ta ƙasa, ka juya bayansa ka ga ko akwai ramin da ya kai ga katako, sannan ka ɗaura noti a kowane rami ka ga yana kamawa. Da takalmi 42 ba ka buƙatar mai faɗi, wannan sai masu 44 ko 45 zuwa sama. Ka kuma tambayi ko inshorarka ta ɗalibi ta haɗa da raunin wasan ƙanƙara, da yawa ba sa haɗawa.

Daga wata 'yar'uwa 'yar Gusau da ke aure a Kalgari, Kanada: "Malam ina wuni. Maigida ya iya, ni kuma na gwada sau ɗaya sanyi ya kore ni duk da na sa riguna kusan biyar. Ina so in koma amma ban san kayan da zan saya ba, kuma yaya zan yi da hijabi?"

Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma kin faɗa gari mai kyau, Kalgari ita ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1988, filin yana nan cikin gari ana koyo a kai, ga duwatsun Banf ba nisa. Riguna biyar ɗin nan ina kyautata zaton auduga ce, to ita ce ta cuce ki. Auduga tana shan zufa ta riƙe, kina wasa kina zufa, da kin zauna a kujerar da ke hawa da mutane saman dutse iska ta buga, sai jiƙaƙƙiyar rigar ta koma ƙanƙara a jikinki. Atamfa, shadda, singileti, wandon jins, duk a bar su a gida.

Hawa uku ya isa. Na jikin fata ya zama ulun merino ko poliyesta, riga da wando. Na tsakiya rigar sanyi mai laushi. Na waje jaket da wando masu hana ruwa, ki duba takardar jiki ki ga 10,000 mm ko sama da haka, kuma ki fi ba wandon muhimmanci don mai koyon sinobod rabin wuninsa a zaune yake a kan ƙanƙara. Safa ƙwaya ɗaya doguwa, ba biyu ba, biyu suna matse jini ƙafa ta ƙara sanyi. Safar hannu ki ɗauki mai haɗe yatsu wuri ɗaya, ta fi ɗumi.

Maganar sutura kuwa wasan nan ya zo da sauƙi, kayan sinobod dama burma-burma ne, akwai dogayen jaket da ke sauka har cinya. Ki sa hijabin wasanni mai kama kai ko hular sanyi mai rufe kai da wuya a ƙarƙashin hular kwano, ki cusa ƙasanta cikin jaket. Abu biyu nake roƙonki don Allah: ban da fil ko allura a kai, faɗuwa ɗaya za ta iya soka miki shi, kuma ban da dogon mayafi mai reto, yana iya maƙalewa a na'urar hawa. In za ki gwada hular kwano a shago ki gwada da hijabin a kanki. Gilashin ido ma dole ne, dusar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sosai har ta ƙona ido, ko da hadari. Sannan rana gajera ce a can cikin hunturu, azahar da la'asar kusa da juna suke, ki yi alwala kafin ki shirya, ki goge ƙafa ta bushe sarai kafin safa.

Daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Argungu: "Za ni Dubai da iyali, ɗiyana sun matsa sai an kai su wurin ƙanƙarar nan ta cikin kanti. In saya musu kaya tun daga nan? Guda daga ciki yana da sikila."

Ranka ya daɗe kada ka sayi komai. Ski Dubai yana cikin Mall of the Emirates, tun 2005 aka buɗe shi, kuma tikitinsu yana zuwa da jaket da wando da takalmi da abin zamiya, sai dai ka karanta irin tikitin da za ka yanka ka ga ko safar hannu na ciki. Wanda bai iya ba ba sa sakinsa a kan gangaren haka kawai, sai ya bi ta darasi, don haka ka yi musu bukin na masu farawa.

Amma Alhaji layinka na ƙarshe shi ya fi damuna. Sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, shi da rashin ruwa a jiki da gajiya, kuma wurin nan yana ƙasa da sifiri, ga shi yaron zai fito daga zafin Dubai ya faɗa ciki kai tsaye. Ka san yadda hunturunmu na nan ma yake kwantar da masu ciwon. Ka kai shi wurin likitansa kafin tafiya ka faɗi ainihin abin da ake shirin yi, in likita ya ce a'a to a'a ɗin ce ko da zai yi kuka. Akwai gilashi ta cikin kantin da ake hango masu wasa, wani babba ya zauna da shi, a kuma shirya masa nasa abin na musamman a ranar don kada ya ji an ware shi. Ɗalibanmu masu sikila da ke waje ku ma ku ji, a kan dutse na gaskiya abin ya ninka, don ban da sanyi iskar numfashi tana raguwa, Erciyes ɗin da muka ambata filin wasansa ya haura mita 2,000 sama.

Daga wani matashi a Ƙauran Namoda: "Oga ni ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a bidiyo, Shaun White ne gwanina. Ina so in yi odar allo in riƙa gwadawa a kan yashi ko gangaren Kwatarkwashi."

Ƙanena ka iya zaɓen gwani, Ba'amurken nan zinare uku ya ci a sinobod a Olamfik, 2006 da 2010 da 2018. Amma dutse kam a'a, babu allon da aka yi don shi, ƙashinka za ka karya. Yashi kuma yana da nasa allon daban mai bayan fomaika da ake goga wa kaki kafin kowace saukowa, in ka sa na ƙanƙara yashi zai kankare bayansa kuma ba zai yi gudu ba, ga kuɗin jirgi da kwastan sun tafi a banza. Tuddan yashi masu tsayin da za a yi wasan sai ka nufi wajen Yusufari a Yobe ko ƙasar Agadas.

Abin da zai amfane ka yanzu siketbod ne, wato allo mai ƙananan tayoyi, a fili mai siminti inda mota ba ta bi, da hular kwano. Shaun White ɗin ma gwanin siketbod ne. Za ka koyi tsayuwa a karkace da danna dunduniya da yatsu, za ka kuma san ƙafar da kake sawa gaba, ka sa wani ya ɗan tura ka ta baya ba zato, ƙafar da ta fara fita yawanci ita ce. In Allah ya buɗa hanya, ƙanƙarar ba sai Turai ba, akwai Ukaimedan a duwatsun Atlas kusa da Marakesh a Maroko, akwai Afriski a Lesoto da suke nasu sanyin daga Yuni zuwa Agusta, akwai kuma na cikin kanti a Masar kusa da Alƙahira.

Masu tambaya kan maɗauri da yadda ake saita kusurwar ƙafa, ku turo min nauyinku da saiz ɗin takalmi da sunan allon, sai mu ɗauke su a fitowa ta gaba in sha Allah.