Tambaya da Amsa: Shaf na mota da shaft na ramin zinare

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Talata Mafara. Bakanike ya ce wa yayana shaf ɗin Golf ɗinsa ya mutu. Sai kuma na gani a jaridar Turanci wai shaft ya rufta da masu haƙar zinare. Kalma ɗaya ce, ko kunnena ne?

Amsa: Kunnenka lafiya lau, ɗana, kalma ɗaya ce. Asalinta a tsohon Turanci sandar mashi ce, da jikin kibiya, wato kyauro. Daga nan Bature ya riƙa laƙaba ta ga duk abu dogo, siriri, miƙaƙƙe. Ƙotar gatari shaft ce. Haka tsinken tsakiyar gashin tsuntsu, da tsakiyar dogon ƙashi irin na cinya.

Na yayanka shi ne sandar ƙarfen da ke ɗauko juyi daga giya ta kai wa taya. Golf da tayoyin gaba take ja, shi ya sa shaf ɗinta biyu, gajeru, dama da hagu. In robar da ke bakinsa ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya kwana. Ka gaya masa ya daina cewa gobe, domin ranar da ya tsinke injin zai yi ta kuka mota ba ta motsa ba. A manyan motoci masu ja da baya, dogon da ke ƙarƙashi shi ne bakanikai ke kira farfela. Injin ban-ruwan manoman Bakolori ma da nasa shaf ɗin.

Na jarida kuwa rami ne, amma ba kowane rami ba. Sai wanda aka haƙa ya nutsa ƙasa a tsaye, mai ƙaramin baki kamar rijiya, irin waɗanda ake sauka da igiya a Bagega da sauran ƙauyukan Anka. In ya kwanta ya bi gefe, sunansa ya zama tunnel. Ramin da lif ke hawa da sauka a dogon bene shi ma shaft ne, haka tsirkiyar hasken rana da ke shigowa ta hudar kwano.

Saura guda, kuma a nan nake so ka yi hattara. A Turancin kan titi, wanda ya ce an yi shafting ɗinsa yana nufin an cuce shi a ciniki ko rabo. Kalmar tana kuma da ma'anar batsa. Kada in ga wannan a takardar jarrabawarka, balle a gaban malaminka.