Amsa ga 'yata kan al'adun Faransawa da ake koya muku a aji

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya yadda ake so, saƙonki ya iso ni. Kin ce tun da kuka wuce matakin farko na Faransanci darasi ya daina tsayawa kan nahawu kaɗai, an shiga koya muku gaisuwar Faransawa da zaman cin abincinsu da yadda suke kallon addini. Kin ce wani malami baƙo ya nemi ku riƙa kiransa da sunansa kuna ce masa «tu», wato «kai» irin na tsakanin tsara, abin kuma ya yi miki nauyi a baki. Daga nan kika tambaya ko dole ne mai koyon harshe ya ɗauki al'adar masu harshen kafin a ce ya iya.

Sanin al'adar dole ne, domin a matakin da kike yanzu kuskuren da zai kunyata ki ya fi fitowa daga rashin sanin wanda kike magana da shi fiye da kuskuren nahawu. Aikata ta kuwa wani abu ne daban, kuma za ki ga cewa mafi yawan abin da Bafaranshe yake kira ladabi ba ya cin karo da tarbiyyar gidanku ko kaɗan. Kaɗan ne ke cin karo, shi ma akwai hanyar kauce masa ba tare da an ɓata wa kowa ba.

Nauyin da kika ji game da malaminku yana da tushe, har a wurinsu. Bafaranshe yana ce wa baƙo da babba da malami da ma'aikacin ofis «vous», wato jam'i, kamar yadda ke ma ba ki ce wa mahaifinki «ka tashi lafiya» sai dai «kun tashi lafiya». Ƙa'idarsu ita ce babba, ko a shekaru ko a matsayi, shi ne yake buɗe ƙofar «tu», ƙarami ba ya fara ta. To, malaminku ya buɗe, don haka idan kika amsa ba ki yi rashin kunya ba. Amma idan bakinki ya ƙi, ki ce masa cikin murmushi «Je préfère vous vouvoyer, monsieur», ma'ana kin fi son ki ci gaba da girmama shi da jam'i. Ba na tsammanin malami mai hankali zai ga laifin wannan, domin a jami'o'in Faransa kansu ɗalibi da «vous» yake yi wa malami magana. Inda suka saɓa da mu shi ne cikin gida: yaro yana ce wa uwarsa da ubansa har da kakansa «tu», kuma a wurinsu alamar kusanci ce. Sakin jiki da «tu» tsakanin matasa da abokan aiki ya ƙara yaɗuwa bayan boren ɗalibai na watan Mayun 1968, shi ya sa za ki ga tsofaffinsu sun fi matasa riƙe «vous». Idan kina shakka a kan mutum, ki riƙe «vous» har sai shi ya sauke ki. Haka kuma kowace mace baliga ki kira ta «madame», domin tun 2012 gwamnatinsu ta cire «mademoiselle», lakabin wadda ba ta yi aure ba, daga takardun hukuma.

Gaisuwa ita ce abin da na fi so ki riƙe da kyau, saboda mutanenmu da yawa suna zaton Turawa ba su damu da ita ba. Lokacin da nake kwas ɗin malamai a garin Besançon na Faransa, kowace safiya nakan tsaya layi a wani shagon burodi, sai in ga tsohuwa ta turo ƙofa da jakarta a hannu, kafin ta dubi burodin ta ce wa duk wanda ke ciki «Bonjour messieurs-dames», mai shago ta amsa, sannan a shiga ciniki; in za ta fita kuma sai ta yi godiya ta yi ban kwana. Wanda ya shigo ya nuna burodi da yatsa bai gaisa ba, za a sayar masa, amma fuskar mai shago za ta gaya masa ya yi laifi. Bambancin kawai shi ne tasu gajera ce. Ba a tambayar gida da yara da gajiya, kuma kada ki tambayi wanda ba ku saba ba nawa ne albashinsa, ko wane addini yake bi, ko me ya hana shi aure. Waɗannan a wurinsu sirrin mutum ne.

Ki lura kuma cewa nahawun da ake wahalar da ku da shi a wannan mataki, rabinsa ladabi ne. Wanda ya ce wa ma'aikaci «je veux», wato «ina so», ya yi magana irin ta yaro mai rigima. «Je voudrais» (da zan so) ko «pourriez-vous» (ko za ku iya) ita ce maganar babba. Don haka idan an ba ku aikin conditionnel, wato sigar aikatau da ake irin wannan roƙo da ita, ko aka ce ku haddace doguwar jimlar rufe wasiƙar hukuma mai farawa da «Veuillez agréer», kada ki ɗauka ɓata lokaci ne, da su za ki nemi gurbin karatu ko aiki wata rana.

Sai batun da na san shi ya fi damun ki ko da ba ki faɗa ƙarara ba, wato «la bise», haɗa kunci da kunci wurin gaisuwa. Al'ada ce ta dangi da abokai, adadinta ma ya danganta da yanki: biyu a Paris, uku a wasu sassan kudu, har huɗu a wasu wurare. Ki san wannan domin jarrabawa da kuma fahimtar abin da kike karantawa, amma babu wanda zai tilasta miki yin ta da namiji, kuma tun annobar korona ta 2020 su kansu sun saba da mutumin da ba ya so. Ki riga mutum gaisawa, ki ɗora hannu a ƙirji, ki faɗi «bonjour» da fuska a sake, yawanci magana ta ƙare a nan. Musabaha ce ta fi wuya, kuma ba zan ɓoye miki ba: a wurin aiki da wurin hukuma suna ɗaukar ƙin miƙa hannu da nauyi ƙwarai, har a 2018 babbar kotunsu ta harkokin mulki ta tabbatar da hana wata mata 'yar Aljeriya zama 'yar ƙasa saboda ta ƙi yin musabaha da jami'ai a wurin bikin ba da takardar. Hukuncin addini a kan wannan ki nema wurin malamanki na islamiyya, su suka fi ni sani. Nawa shi ne in gaya miki yadda abin yake a can, domin ki yanke shawararki tun kafin ki tsinci kanki a gaban hannun da aka miƙo.

Zaman cin abinci ba shi da wahala. Ana kawo shi kashi-kashi, ana daɗewa a kansa ana hira, kuma suna ji da shi har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2010. Ki faɗa wa mai gida tun ranar gayyata cewa ba kya shan giya ba kya cin alade, kuma ki haddace sunayen da aladen yake ɓuya a cikinsu, irin su «jambon» da «lardons» da «saucisson». Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai shi ne kara: idan aka miƙo ƙari kika ce kin ƙoshi don kunya, za a ɗauke kwanon, babu mai lallashin ki sau uku.

Wannan kunya tamu, wadda nake alfahari da ita a gida, ita ce na ga tana cin ɗalibaina mata a jarrabawar baka fiye da komai. Yarinya ta san amsa sarai, amma ta sunkuyar da kai, ta yi ƙasa da murya, duk abin da mai jarrabawa ya faɗa ta ce haka ne. A jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci, wadda nake so ki zauna ko a matakin B1 ko B2, sassa huɗu ne, saurare da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25; ana cin ta da 50 cikin 100, amma wanda ya kasa samun 5 a sashe ɗaya ya faɗi duka. A sashen magana ana so ki faɗi ra'ayinki, a B2 kuma mai jarrabawa zai yi miki musu da gangan ya ga ko za ki kare shi. Makarantar Faransa tana horar da yaro tun yana sakandare ya kawo hujja, ya kawo kishiyarta, sannan ya fitar da matsaya, don haka a wurinsu ɗalibin da ya ce wa malami cikin ladabi bai yarda ba, ga dalilinsa, shi ne ya nuna ya yi karatu. Ki dubi fuskar mai tambaya, ki ɗaga murya. Wannan al'ada ce da nake so ki ɗauka gaba ɗaya, domin za ta amfane ki ko a wane harshe.

Game da addini, kalmar da za ki yi ta ji ita ce «laïcité», tsarin da ya samo tushe daga dokar 1905 da ta raba gwamnati da coci. A ƙarƙashinsa aka hana alamomin addini na fili, har da ɗankwalin hijabi, a makarantun gwamnati na firamare da sakandare a 2004, aka kuma hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010. Dokar 2004 ba ta shafi ɗaliban jami'a ba. Ni ban gamsu da yadda ake amfani da tsarin a kan 'yan mata Musulmi ba, amma ina so ki karanta tarihinsa sosai, ki san rikicin coci da jamhuriya da ya haife shi, domin idan za ki soke shi a aji ki soke shi da sani.

Kada kuma ki ɗauka duk mai jin Faransanci Bafaranshe ne. A rahoton ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen na 2022 an ƙiyasta masu jin sa miliyan 321, kuma mafi yawan masu magana da shi kullum a Afirka suke. Danginmu na Maraɗi da Damagaram sun yi boko da shi, suna rubuta shi fiye da yadda nake rubutawa, amma har gobe durƙusawa suke su gaida iyayensu. Mai yiwuwa ma da irinsu za ki fi yin aiki, da mutanen Kwatano da Lome da Dakar da Yawunde, kuma a can doguwar gaisuwarki da girmama na gaba su ne za su buɗe miki ƙofa.

Tun da kin ce shekara mai zuwa za ku tafi Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 domin ɗaliban jami'a su zauna cikin harshen, ki fara shiri tun yanzu. Ki riƙa sauraron labarai da Faransanci kowace rana ko da na minti goma ne, ki samu abokiyar karatu ku riƙa ɗaukar batu ɗaya kuna musu a kansa, yau ke ce mai goyon baya gobe ke ce mai suka. Idan kin zo hutu ki taho da takardun da aka gyara miki, mu zauna mu duba inda malaman suka ja jan biro. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki. Wassalam, kawunki.