Ina shafa wa kyamarata sanitaiza saboda korona, yanzu hotuna sun koma dishi-dishi

Tambaya (daga lokacin annobar korona): Assalamu alaikum malam. Tun da kullen korona ya zaunar da mu na ɗauko kyamarar da na daɗe da ajiyewa, kullum da sassafe ina fita ɗaukar hoton titunan da babu kowa. Yanzu hunturu ya kankama, har dusar ƙanƙara ake yi. Da na shigo gida sai gilashin ya yi fari fat, batir kuma ba ya daɗewa. Mahaifiyata tana tare da mu, ga tsufa ga ciwon suga, shi ya sa nake shafe kyamarar da sanitaiza ciki da bai kafin in shiga. Kwana biyun nan hotunana dishi-dishi suke fitowa. Na lalata ta ne? In kuma na daina shafawa, ba zan kwaso wa Mama cutar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya saka maka da wannan kulawar. Matsala uku ka haɗa, biyu daga ciki masu sauƙi ne.

Farin da gilashi yake yi raɓa ce. A ɗaki mai ɗumin digiri 20 da matsakaicin danshi, duk abin da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 9 sai ya yi zufa, kuma ba waje kaɗai take tsayawa ba, har cikin gilasai da kan sensa, wato ɗan allon da yake ɗaukar hoton a cikin kyamara. Tun kana waje ka cire memori da batir, ka saka kyamarar a leda ka ɗaure bakinta, ka bar ta awa ɗaya zuwa biyu a ɗaki. Raɓar a jikin leda za ta taru. Batir kuwa sanyi ne yake rage masa ƙarfi, da ya ji ɗumi zai farfaɗo. Ka riƙe na biyu a aljihun ciki. Kada ka ɗora shi kan hita, kada ka yi masa caji yana ƙasa da digiri 0, domin hakan na lalata batirin lithium har ya iya kumbura.

Sai maganar sanitaiza, wadda ta ishe ni. Tun da annobar nan ta shigo, da wuya in wuni a teburin gyara ban karɓi kyamarar da aka yi wa wanka da ita ba. Kafin in kwance ko ƙusa ɗaya, ƙamshin ya gaya mini. Robar mariƙi ta yi furfura ta ɗaga baki, maɓalli yana danƙo, in ka haska tocila a gilashi sai ka ga wani maiƙo mai launin bakan gizo ya kwanta a gefe. Mai ita kuma ya rantse maka cewa tsafta yake yi, wai a wani bidiyo ya gani.

Don fatar mutum aka haɗa sanitaiza. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar yana da sifirit ɗin ethanol kashi 80, da gilisirin kashi 1.45, da ɗan hydrogen peroxide. Gilisirin ɗin nan an saka shi ne don kada hannu ya bushe, kuma ba ya bin iska. Sifirit ɗin zai tashi ya bar shi a kan gilashi yana jawo danshi da ƙura. Na kasuwa mai kauri ma har turare da sinadarin kauri ake ƙara masa. Dishi-dishin da kake gani, mafi yawan zato wannan ne. In ya tsaya a fuskar gilashi, ka tsira. In ya sulale ta gefe ya shiga bayan gilashin gaba, ko ya narka man da zoben saiti yake juyawa a kai, sai an kwance. Masu fesa ruwan bilic kuwa sun fi kowa ɓarna, domin yana cin ƙarfen da batir da gilashi suke haɗuwa da jikin kyamara. Ga kuma tagar leƙe da kake mannawa a ido: abin da ka shafa mata, idonka zai sha.

Na san inda tsoron ya samo asali. A watan Maris na 2020 wani bincike ya nuna ƙwayar cutar tana iya kaiwa awa 72 a kan roba da ƙarfe, a ɗakin gwaji. Labarin ya zagaya duniya, aka shiga goge komai. Amma a Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa haɗarin kamuwa daga taɓa abin da cutar ta sauka a kai bai kai 1 cikin 10,000 ba. Wannan gyaran bai yi farin jinin labarin farko ba, masu tura saƙonni a WhatsApp ba su tura shi ba. Ta numfashi cutar ta fi yaɗuwa, musamman a ɗakin da aka rufe tagogi saboda sanyi. Abin da yake ƙona mini rai shi ne in ga mutum ya ɓata minti goma yana goge kyamara, sannan ya tara mutum takwas a falo, ya ce su cire takunkumi su matso kafaɗa da kafaɗa don hoto ya yi kyau. Kyamarar da kai kaɗai kake riƙewa a titin da babu kowa, me za ta ɗauko? In Mama kake jiye wa, ka wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 da ka shigo, ka riƙa buɗe taga ko na ɗan lokaci ne, a yi rigakafi, hoton baƙi kuma a ɗauke shi a waje daga nesa.

Ga abin da za ka yi yau. Ka hure ƙura da robar hura iska, ba da baki ba. Ka ɗiga ruwan goge gilashi ɗigo ɗaya ko biyu a kan kyallen gilashi mai tsabta, ka goga a hankali daga tsakiya zuwa gefe, kana canja wurin kyallen. In wani ya ari kyamarar, ka ɗan jiƙa kyalle da sifirit ɗin isopropyl mai kashi 70 ka goge jikinta kawai, a kashe, nesa da hita domin yana kama wuta. Kada ka fesa komai kai tsaye. Bayan haka ka ɗauki hoton fitila da daddare. In hasken ya fito tas, shi ke nan. In har yanzu yana da hazo a kewayensa, maiƙon ya shiga ciki, ka kai wa mai gyara kafin funfuna ta kama gilashin.