Tambaya da Amsa: Tseren Hawan Dutse Cikin Ruwa da Iska

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina atisaye a duwatsun Mbula da ke nan Dass, kuma ina shirin shiga tseren hawan dutse a Filato cikin damina. Abokaina sun ce tunda gudu na ɗumama jiki, singileti da gajeren wando sun ishe ni. Haka ne?
Daga wani mai karatu a Dass

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganarsu tana nan daidai muddin kana gudu kuma sama ba ta kece ba. Matsalar tana farawa ne lokacin da ƙarfi ya ƙare ka koma tafiya, riga sharkaf, iska na kaɗawa. A nan zafin jiki ke zurarewa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa idan iska ta bugi gumin da ke bayanta. Ga shi kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafin gari na raguwa da kusan digiri 6.5. Mutumin da ya saba da ranar Bauchi yakan raina wannan.

Ba sai da ƙanƙara sanyi ke kisa ba. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, 'yan tsere 21 suka rasu a gasar kilomita 100 bayan ruwa da iska mai ƙarfi sun rutsa da su a kan tsauni, da yawansu cikin ƙananan kaya. Har da gwanayen da ke kan gaba.

Don haka ka bar rigar auduga a gida, domin tana shan ruwa ta riƙe. Sa rigar roba irin jesin 'yan ƙwallo, mai saurin bushewa. Ɗaura jaket marar nauyi mai tare ruwa da iska a ƙugu, ka ƙulle hular sanyi da busasshiyar riga a leda. Kuma ka sa jaket ɗin da zarar hadari ya haɗo, kada ka jira sai ka fara karkarwa, don a lokacin yatsu sun sandare, zip ma gagarar ka zai yi.

Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, alamun su ne karkarwa mai tsanani, yawan tuntuɓe, harshe ya yi nauyi, mutum ya rikice. Wanda abin ya kama ba ya ganewa, sai ya dage cewa lafiyarsa lau. Ka ga haka ga abokin tsere, ku fake daga iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai, a ba shi shayi mai sukari idan yana iya haɗiya, a kira masu gasar. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya munana, sai asibiti.

TAMBAYA: Nawa ya kamata in sha in ci a hanya? Na ji an ce a yi ta ɗirkar ruwa kawai.
Daga wata mai karatu a Kaltungo

AMSA: A'a, Malama. Ruwa zalla idan ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai, amai, har suma. Kimanin ledar fiya wata ɗaya a awa, kurɓi-kurɓi, ya ishi yawancin mutane. A ƙara kaɗan idan ana rana. Tseren da ya wuce awa ɗaya da rabi yana son gishiri: haɗin ORS, wato ruwan gishiri da sukari, a gora ya wadatar. Abinci kuwa, gram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a awa, wato abin da ke cikin ayaba biyu ko dabino shida zuwa takwas. Ki gwada su tun a atisayenki, ba ranar gasa ba.

TAMBAYA: Idan tsawa ta same ni a saman dutse fa?
Daga wani mai karatu a Dadin Kowa

AMSA: Sauka za ka yi, gasa ta jira. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙarar aradu: kowane daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ne. In ba su kai 30 ba, kana cikin haɗari. Bar ƙololuwa, kada ka raɓe ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma kada ka bi kwazazzabo, don ruwan da ya sauka a sama yakan cika shi cikin mintuna. Wajen gangarowa ka gajarta taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka guji falalen dutse mai gansakuka. Takalmin da ƙasansa ya suɗe ba na wannan aiki ba ne. Nemi mai haƙora a tafi, ka ɗaure igiyarsa tam, ka bar ɗan fili gaban babban yatsa don kada farce ya mutu.