Wane wasa ya cancanci kuɗin gidan kallo?

Ɗan'uwa, ka ce kana rufe shago da wuri don ƙwallo, amma sau da yawa wasan ya tashi ba armashi, kana tambayar yadda za ka zaɓa.

Kada sunan kulob ya ruɗe ka. Fara duba abin da kowane ɓangare zai rasa in ya sha kashi. Real Madrid da ta riga ta tsallake zagaye yara za ta zuba, ƴan wasan na ta lallaɓa ƙafa. Amma kulob biyu da ke gudun faɗuwa daga Firimiya a Afrilu ko Mayu, nan ake kashe-ni-in-kashe-ka. Jerin ƴan wasa na fitowa kamar awa ɗaya kafin a take, ka leƙa a wayarka tun kana shago.

A Gasar Zakarun Turai, tun kakar 2024/25 kulob 36 ne, kowanne wasa 8 a zagayen farko. Ranar ƙarshe, a ƙarshen Janairu, wasanni 18 ake bugawa lokaci guda. Wannan daren ko mai gidan kallo rasa tashar da zai kamo yake. Bayan nan, a zagayen fitar da gwani da ake karawa gida da waje, karawa ta biyu ta fi ta farko zafi. Yawanci ana farawa ƙarfe 9 na dare agogon Maradi lokacin sanyi, ƙarfe 8 daga ƙarshen Maris, sai ka tsara sallar isha'i.

Wasannin sada zumunci na Yuli kuwa, riƙe kuɗinka ka sha shayi. Na Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, daban ne, wannan ko ana cin mu zama muke.