Kuɗin gilashi yana cikin kuɗin ƙofa

Ɗana, jiya bayan La'asar ka zo ka shaida mini ka kama shago a Mabera, nan cikin Sakkwato, har an kawo maka yara biyu koyon walda. Ka yi mini tambaya, ban samu zama na amsa ba saboda mai ƙofar nan da ke tsaye a kaina. Cewa ka yi injin walda da janareta sun cinye jarin, ko za ka iya jinkirta sayen gilashi da safar hannu da takalma sai shago ya tsaya da ƙafarsa. Ka kuma tambaya, in yaro ya kwanta ciwo, nauyin wa ne, naka ko na iyayensa. Da maganar na kwana.

Kada ka jinkirta. Na san za ka ce ina kuɗin, to ɗauko takardar da kake yi wa masu aiki lissafi. Me kake rubutawa in za ka ƙera ƙofa? Fayif, rodi, sandar walda, faifan yanka, man janareta, fenti. Ko ɗaya ba ka taɓa cewa a bari sai shago ya tsaya ba, don ka san ƙofa ba ta haɗuwa sai da su. To ƙofar nan yadda take cin sanda haka take cin idon yaro da huhunsa da ƙarfin jikinsa. Gilashi da ruwan sha da kuɗin magani kayan aiki ne, a lissafin aiki suke shiga. Ni shekaru ke nan duk aikin da na karɓa, kafin kowa ya taɓa ko kwabo, sai na cire naira biyar a kowace ɗari na jefa a gwangwanin nan da ka sani a ƙasan benci. Ba na aron kuɗinsa ko da mai ya yanke mana.

Ba haka na fara ba, kuma gara ka ji abin da ya sa na canza daga bakina. Fiye da shekara ashirin ke nan wani dattijo ya zo daga wajen Boɗinga riƙe da hannun ɗansa, ya ɗora hannun a kan nawa ya ce, “Ga amana.” Yaro ne mai hankali, ba ya musu. Lokacin farin gilashi ɗaya ne a shagon, ana karɓa-karɓa. Wata Alhamis na sa shi gurza bakin wata taga, gilashin yana idon wani, sai ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa idon hagu. Bai gaya mini ba. Ya ga yadda nake yi wa duk wanda ya ce kansa na ciwo, in ce masa rago, in ce mu da muka koyi aiki ba haka muka yi ba. Sai ya je bayan shago wani ɗan'uwansa ya yi ta ƙoƙarin cirewa da tsinken ashana. Juma'a ba aiki. Asabar ya zo ya ɗaure ido da ƙyalle ya ce ciwon ido ne na zamani, ni kuma ban ɗaga ƙyallen na duba ba. Sai Litinin da ido ya kumbura yana ruwa muka je asibiti. An yi abin da za a iya, amma idon bai ƙara gani ba. Ni na mayar da shi gida. Uban ya dubi ɗansa, ya dube ni, ya ce, “Haka Allah ya ƙaddara.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Laifina biyu ne a nan. Rashin gilashin kuɗi kaɗan ne ke gyara shi. Na biyun shi ne babba: na mayar da shagona wurin da yaro ke tsoron cewa ba shi da lafiya. Da ya faɗa ran Alhamis ɗin, aikin ɗan lokaci ne a wurin likitan ido. Don haka tun ranar farko ka tara yaranka ka gaya musu, duk wanda ya ji ciwo ko ya ji jikinsa ba daidai ba ya faɗa nan take, ba faɗa, ba yanke kuɗin abinci. Kuma ranar da na farko ya faɗa, ka kula da fuskarka, don ita sauran za su duba su san ko da gaske kake.

Maganar ido ka san rabinta, ka ɗanɗana. Hasken walda ba ya nuna kansa nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, tsakar dare mutum ya farka kamar an zuba masa rairayi a ido, hawaye na zuba, ko hasken fitila ba ya so. Baƙin tabarau na ’yan gayu da ake sayarwa a bakin kasuwa ba ya tare wannan hasken. Gilashin walda lamba gare shi mai nuna duhunsa, irin sandar da muke ƙonawa lamba 10 zuwa 12 take so. Ka sayi biyu, don wanda ke riƙe maka ƙarfe ya fi ka kamuwa. Kai kana bayan garkuwa, shi kuwa an ce masa ya kawar da kai ne kawai, kuma ba kullum yake rigan tartsatsi ba. Farin gilashi dabam ne, na giranda da sara, kowane yaro da nasa. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, kada ka yarda kowa ya cire mata murfi don ya ɗaura babban faifai. In haske ya kama yaro, ya kwanta a ɗaki mai duhu, a ɗora masa ƙyalle mai sanyi, yawanci kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ban da ɗiga nono, ban da ruwan albasa, ban da kwalli, ban da maganin kashe zafin ido da ake saye a kemis ana ta ɗigawa, don yawan sa shi yana cinye ido. In kuwa wani abu ne ya shiga, kada hannun kowa ya je wurin. Asibiti a ranar, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Hayaƙi kuma, musamman na fayif ɗin galbanaiz da muke yi wa ƙafar tanki. Tutiyar da aka shafe shi da ita ce ke tashi fari fat. Da dare sai yaro ya ji sanyi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a ce cizon sauro ne a saya masa magani. Mun taso ana ce mana gwangwanin madara yana wanke hayaƙi. Madara ciki take tafiya, hayaƙi huhu, ba su haɗuwa a hanya. Tun 2017 masu binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka saka hayaƙin walda cikin abubuwan da ke jawo ta. Ka yi aiki a sarari, ka koya wa yara su tsaya ta inda iska za ta ɗauke hayaƙin daga fuskarsu, janareta kuma can waje nesa da inda ake zama. Durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an rantse maka ya shekara a bushe, kada wuta ta taɓa shi sai an wanke an cika shi da ruwa.

Amma abin da ya fi kwantar da yara a garin nan rana ce. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ƙarfen da aka bari a fili ko taɓuwa ba ya yi, ga wutar walda a gaba, ga kwano a sama. Wannan ba kuɗi yake ci ba, tsari yake so. A bazara ku fito da an sallame Asuba, a yi aiki mai nauyi da sanyin safiya, daga Azahar zuwa La'asar a ajiye a zauna a inuwa. Mai ƙofa zai yi ƙorafi, ka ba shi haƙuri, ka kuma daina yi wa mutane alkawarin kwana biyu a kan aikin kwana huɗu, don gaggawar da maigida ya ɗauko a jikin yara take ƙarewa. Ka kafa randa a shago, ta fi firij da ke jiran wuta, kuma ka riƙa cewa a sha, kada ka jira sai sun tambaya. Sabon yaro kunya yake ji ya yi ta zuwa randa a gaban maigida. Wanda fitsarinsa ya yi ja, ruwa ne ya yi masa kaɗan. Wanda ya yi gumi sosai har jijiya na ɗaure masa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka ga yaro ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, ka kai shi inuwa, ka kwara masa ruwa ka yi masa fifita, a nemo abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Azumin 2024 da na 2025 duk a Maris suka kama, ka tuna yadda muka yi: aiki daga Asuba zuwa hantsi, sauran bayan Asham.

Akwai wata magana da ba na so ka ɗauka da wasa. Za ka ga yaro ya zo da safe idonsa ja, ya yi aikin mutum biyu bai gaji ba bai nemi abinci ba. Wasu iyayen gida murna suke yi da irin wannan, har su ce ya fi kowa ƙwazo. Sau da yawa tiramol ce ke aiki. Tana sa farfaɗiya, kuma ka san abin da zai faru in ta kama mutum da giranda a hannu ko yana saman ƙarfe. Ka ja shi gefe, kai da shi, ka tambaye shi. Kafin ka yi masa faɗa ka tambayi kanka ko aikin da ka ɗora masa ya fi ƙarfin mai jini a jika, don da yawansu daga nan suke farawa. Kora ba ta raba shi da ƙwaya, sai dai ta mayar da shi tasha. Ka kira ubansa, in abin ya yi nisa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, suna duba masu wannan lalura. Kuma yaron da ya karya da kunu da ƙosai, ya sha fura da rana, bai cika neman ƙarfin aro ba. Kuɗin abinci kullum ne, ko an samu aiki ko ba a samu ba.

Yanzu tambayarka ta biyu. Duk ciwon da aka ji a shagonka ko a wurin aikin da ka aika, naka ne gaba ɗaya, tun daga allurar tetanus har ɗinki, har kwanakin da zai yi a kwance. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙuna ka sa ta a ruwa mai sanyi na minti ashirin, ba baƙin mai ba, ba man goge baki ba. Ciwon da ya zo daga Allah kamar zazzaɓi, ka kai shi a gwada jini, ka sayi maganin farko daga gwangwani, ka sanar da gida. In ya yi tsawo ku haɗa hannu da iyaye. Hukuma ma ba ta bar wannan ba. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF na gwamnatin tarayya, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ranar da ka fara ɗaukar masu albashi ko neman kwangilar gwamnati za ka gamu da ita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa, a nan jihar hukumar SOCHEMA ce ke rajista. Ka je ofishinsu da kanka ka ji nawa ne na mutum ɗaya a shekara, ka auna da abin da ke cikin gwangwaninka.

Mu kuwa tun kafin doka an gaya mana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri game da waɗanda ke ƙarƙashin mutum, ’yan'uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taimake su. Ni a fahimtata, in kana sanye da takalmi mai rufi yaronka na taka ɓarɓashin wuta da silifas, wannan maganar da kai take.

Kafin yaran su fara taɓa ƙarfe, ka je ka zauna da iyayensu. Ka tambaya ko akwai mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ka faɗa musu ba don ka mayar da shi kake tambaya ba, don ka san aikin da za ka sa shi ne. Mai sikila ba a barinsa a rana ko da ƙishirwa, mai farfaɗiya ba ya hawa sama. Ka karɓi lambar waya ka rubuta a bango inda kowa zai gani, tare da ta wani mai Keke Napep na kusa da ka yarda da shi. Gobe ka turo ɗaya daga cikinsu, akwai garkuwar walda guda da safar fata biyu da na ware maka, gilashin garkuwar ne kawai ya tsage, ka sa sabo lamba 11 kafin a kunna inji.